Farar Kwalba a Ƙwaryar Jummai

Ku da kuke yage leda ku zaro faranti sabo fil, ku gama da shi ku jefa a kwandon ƙonawa, ku ne kuke cewa wanki a ɗakin gwaji ba sana'a ba ne. Na ji ku. Wata a cikinku har ta ce mini, "Mama Hansatu, ai ko a gida muna wanke-wanke." To, ku saurara. Ni ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma na shekara ashirin da 'yan kai a tsaye gaban baho ɗaya, kuma ban taɓa tsoma faranti a ruwa ba sai na dube shi.

Daga Zariya muka zo, muka sauka a Tungan Maje, lokacin ana fasa duwatsu ana shimfiɗa titunan sabon birni. Maigidana yana bin tifa. Da Allah ya yi masa rasuwa sai na kafa kaskon ƙosai a ƙofar wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyar Gwagwalada. Cikin masu saye akwai wani dogo mai tabarau, Oga Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, shi ne mai kula da ɗakin gwaji. Wata safiya na kife kasko zan tashi, sai ya tsaya yana kallon gindinsa.

"Wa ke wanke miki wannan?"

Na ce, "Hannuna."

Ya ce, "Gobe ki zo ta ƙofar baya. Ki bar kaskon a gida."

Wata uku ban taɓa komai ba sai 'yan siraran kwalabe na gilas. In wanke, ya ɗauka ya ɗaga a taga. In ruwa ya sauka sumul kamar mayafi, ta yi. In ya tsaya ɗigo-ɗigo a jikinta, ya miƙo mini, in sake. Rannan na gaji na ce, "Oga, wai sha za a yi da ita?" Ya ce da sha za a yi da ita da bai damu ba. Sabulun da ya maƙale, ko da ido bai gani, zai kashe cutar da aka ɗebo daga jikin majinyaci, takarda ta fita ta ce mutum lafiyarsa ƙalau, a sallame shi ya je gida ya mutu. Tun daga ranar nake ɗauraya bakwai: uku da ruwan famfo, huɗu da tataccen ruwa.

Kayan aikina ba su da yawa. Dogon buroshi, bokitin ruwan kashe cuta mai cin hannu, da tukunyar tururi mai murfin ƙarfe da ake ɗaurewa da noti, muna ɗora ta a kan risho. Duk abin da cuta ta taɓa sai ya dahu a cikinta kafin ya zo bahona, kuma in na wanke sai na sake dafa shi. Takardar naɗe faranti, ta buhun siminti ce. Wannan kam ba mu taɓa rasa ta ba, garin gaba ɗaya siminti ne. Akwai kuma rago a bayan ɗakin, ni ke ba shi dusa, Oga yana ɗibar jininsa kaɗan-kaɗan yana haɗa wa ƙwayoyin cuta abinci. Ragon nan ya ga Sallar layya shida, ba wanda ya isa ya kalle shi.

Ranar da Oga ya fara nuna mini faranti kafin a dafa shi, ina tune da ita. Faranti gilas ne zagayayye mai murfi, faɗin tafin hannu. Ana zuba masa wani abu kamar koko ya daskare, a shafa cutar majinyaci a kai, sannan a jera 'yan takardu ƙanana zagayayyu, kowacce an jiƙa ta da magani iri ɗaya. A sa a akwatin ɗumi, mai ɗumin jikin mutum, ya kwana. Da safe cuta ta tofo ta rufe ko'ina kamar ciyawa bayan ruwan farko. Inda magani ya fi ƙarfinta sai ka ga fili tas ya zagaye takardar, kamar an share gindin bishiya. Inda ba ta jin maganin kuwa, sai ta tofo har bakin takardar.

Haruffan da ke kan takardun ban iya karanta su ba, amma na haddace siffarsu da gurbinsu. Abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne tsakanin takarda da takarda. Wasu magungunan in suka yi maƙwabtaka, kowa ya share filinsa, ba ruwan wani da wani. Wasu kuma filayensu sai su miƙe su haɗe, su share har inda ɗaya shi kaɗai bai kai ba. Wasu in ka haɗa su, filin ɗaya sai ya motse ta ɓangaren ɗayan, ya miƙe ɗoɗar kamar an yanke shi da wuƙa. Na nuna wa Oga irin wannan na ce, "Wannan ya ci iyakar gonar wancan." Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce haka ne, wani maganin yakan farkar da cuta ta ɗaura damara, har ɗan'uwansa ya zo ya kasa. Wani kuma yakan fasa mata katanga ɗan'uwansa ya shiga. Ya ce magani biyu ba kullum ne suka fi ɗaya ba. Daga ranar, kowane faranti sai ya bi ta idona kafin ya shiga tukunya.

Sai shekarar da gwamnati ta tattaro ta baro Legas. Ku ba a haife ku ba, ko kuna goye. Tireloli dare da rana, shaƙe da kujeru da fayil-fayil. Ma'aikata sun zo ba gidaje, leburori sun zo ba ɗakuna, kowa a tsaye, kowa da jaka a hannu. Asibitinmu da aka gina don manoman kewaye ya cika har baranda. Famfo ya ƙafe, sai tanka. Wuta ta zo ta ɗauke, sai a tayar da janareta. Farantanmu na gilas ba su ƙaru ba, don haka wanda na wanke da safe, da yamma ya koma aiki. Takardun magani da aka aiko mana daga Legas suka bi wata tirelar suka ɓace a cikin kayan wata ma'aikata. Oga ya samo abin huda takarda na ofis, yana huda takardar tace ruwa, yana jiƙa wa kansa. Ni kuwa ban san zama ba a shekarar. Ko tuwo a tsaye nake ci.

Abin da ya fi ba mu tsoro ba rashin ruwa ba ne. Filayen ne suka fara ƙanƙancewa. Maganin da bara yake share fili kamar kwabo, bana sai ɗan zobe. Wani faranti takarda shida, cuta ta haye biyar.

Na ga dalili da idona a kasuwar Wuse, ranar da aka aike ni sayen buroshi. Wani lebura, ƙafarsa ɗaure da tsumma, ya tsaya gaban mai kemis ya ce, "Alhaji, a haɗa mini." Mai kemis, Bakano ne mai fara'a, ya shiga tsamo wa: kafso ja da rawaya biyu, baƙi da ja biyu, farar ƙwaya ɗaya, ya ƙulle a takarda.

Na ce, "Malam, wane ciwo ka gani ka haɗa masa wannan?"

Ya ce, "Hajiya, ai in wannan bai kama ba wancan zai kama."

Na ce, "In kuma wannan ya kama wancan fa?"

Ya yi dariya har da buga kanta. "Jama'a, ga likita ta zo daga Legas da buroshi! Hajiya, a wace jami'a?"

Na ce, "A wadda ake wanke abin da kuka ɓata."

Leburan ya riga ya watsa su a baki ya kora da ruwan leda. Haɗin na kwana biyu ne kawai. Ciwo ya lafa, ya koma aiki, cutar da ta rage ta koyi darasi. Irinsu ne ke zuwa mana bayan wata guda, ƙafa kamar turmi.

Cikin daminar shekarar aka kawo Ayuba, manomin doya daga Paikon Kore, mutumin Gbagyi, ƙaƙƙarfa, gemunsa ya fara furfura. Garma ce ta sare shi a bayan ƙafa yana tara tsibi. Ya sa ganye, ya sha haɗin kemis, ya ci gaba da shiga gona cikin caɓi har mako uku. Da aka kwance tsumman, mugunya ce koriya, da wani wari mai zaƙi-zaƙi wanda in ka ji sau ɗaya ba ka mantawa. Matarsa Jummai ce ke jinyarsa. Gajera, ba ta da yawan magana, kullum da babbar ƙwarya a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya. A ƙarƙashin gadonsa take ajiye ta, rufe da zani.

Farantin Ayuba ya fito kore shar. Takarda shida, huɗu cuta ta haye su. Biyu ne kawai suka yi fili: wata allura da muke ce wa jenta, filinta ƙarami, da wata sabuwar ƙwaya da muke ce wa sifiro. Da Oga ya matso da su kusa a faranti na biyu, sai filayen suka miƙa suka haɗe. Ya rubuta wa likita. Likitan sabo ne, da guguwar Legas ya zo, iyalinsa na can, shi yana kwana a ɗakin abokinsa. Ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Ya sa a riƙa yi wa Ayuba allurar, a ba shi ƙwayar safe da yamma. Amma allurar nan ba a daɗewa a kanta, tana taɓa ƙoda, tana taɓa kunne. Don haka kwanakin a ƙirge suke.

Kwana bakwai, ƙafa ba ta sauya ba. Jan da ya kewaye ciwon ya haura idon sawu yana neman ƙwauri, zazzaɓi ya ƙi sauka. Likita ya zo ɗakinmu da kansa ya ajiye takardar Oga a kan tebur.

"Mista Bitrus, farantinka ya ce magani yana aiki. Ƙafa ta ce ba ya aiki. Wa zan yarda da shi?"

Da ya fita, Oga ya ɗauki faranti ɗaya daga waɗanda na wanke ya ɗaga a taga. Shekara nawa rabon da ya yi mini haka. Ya sake gwajin da farantin da ya wanke da hannunsa. Amsa ɗaya. Ranar Talata likita ya yanke magana: Alhamis da safe za a cire ƙafar daga ƙasan gwiwa, kafin cutar ta shiga jini. Ayuba ya dangwala yatsa a takarda.

Laraba da sassafe aka aike ni ɗakin maza da tiren tsinken auduga na ɗibar mugunya. Ayuba yana kallon rufi. Na gaishe shi da jiki, ya ce, "Mama, tsibi ba ya hawa da sanda. Doya na ya tsaya a gona, ni ya tsaya a nan." Ina amsa masa, idona na kan bakinsa. A gefen leɓensa, cikin gemu, akwai wani farin abu da ya bushe kamar alli. A kan akwatin gefen gado kuma ga cokali, cikinsa fari.

Mai wanki ta san saura. Wannan farin na san shi, domin tsofaffin kwalaben magani duk wurina ake kawo su in wanke a riƙa karɓar fitsari da su, kuma babu mai ba ni wahala kamar kwalbar farin maganin gyambon ciki. Yana kamawa a gilas kamar farar ƙasa. Kuma na san ba a rubuta wa Ayuba shi ba, don da an rubuta, da kwalbar na kan tiren nas, ba a ɓoye ba.

Na koma baranda na tsaya ta taga, ina yi kamar ina gyara tire. Nas ta zo ta sa masa ƙwaya a tafin hannu, ta wuce gado na gaba, mutum talatin ke jiranta. Ayuba ya dunƙule hannu. Jummai ta sunkuya ta jawo ƙwarya, ta zaro farar kwalba daga ƙarƙashin ƙullin gari. Ta murƙushe ƙwayar a cokali da gindin wani cokalin, ta tsiyaya farin a kai, ta ba shi. Ta bi masa da fura da nono.

Na tare ta a bakin tanki tana wanke cokalin.

"Jummai, wa ya ba ki farin nan?"

Ta ɓoye hannu a baya. "Wane fari?"

"Kada ki mai da ni yarinya. Na gani."

Ta ce, "Ƙwaya ɗin yana da zafi, Mama. Rana na farko ya sha, ya yi amai, ciki na shi tana ƙuna. Ƙane na yana gadi a Wuse, shi ya kawo. Mai kemis ya ce yana sanyaya ciki. Tun da ina ba shi, bai yi amai ba ko ɗaya." Ta kama mini hannu. "Kar ka faɗa wa Sista. Za ta kore ni, wa zai duba shi?"

Na ce, "Zuba mini kaɗan a nan." Na miƙa mata ɗaya daga kwalabena. Ban yi mata alkawarin komai ba.

Ni ban san abin da farin ke yi ba. Abin da na sani shi ne, a faranti magani biyu muka haɗa, a cikin Ayuba kuwa uku ne. Haka na faɗa wa Oga, na ajiye kwalbar a gabansa. Ya shinshina. Ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ya ce ya taɓa karantawa, irin wannan farin yana kama sifiro tun a ciki ya ƙulle shi, ya fice ta bayan gida bai shiga jini ba. Nono ma yana rage shi. Wato kwana bakwai allura ita kaɗai ke faɗa, ga filinta ɗan mitsitsi.

Ya je ya sami likita, na bi shi da tire don in sami dalilin tsayawa. Likita ya saurara yana wanke hannu. Ya ce ko da gaskiya ne, lokaci ya ƙure, ya ga irin wannan ƙafar ta kashe mutum cikin kwana biyu. Ya tambayi wa ya gano. Oga ya nuna ni. Likita ya dube ni daga ɗankwali har silifa.

"Madam, ke likita ce?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Mai wanke cokali ce."

Ya ce ba zai soke tiyata a kan maganar baki ba. A daina ba da farin, wannan dole. Amma ƙarfe tara na safiyar Alhamis yana shiga, sai dai in an nuna masa abin da zai gani da idonsa.

Oga ya koma ya narka ƙwaya ɗaya a tataccen ruwa, ya raba biyu. Rabi ya bar shi haka, rabi ya ɗiga masa farin Jummai. Ya huda takarda biyu, ya jiƙa kowacce da nata, ya shafa cutar Ayuba a sabon faranti, ya ɗora su nesa da juna. Muka sa a akwatin ɗumi kafin azahar. Ko awa biyu ba a yi ba muka ji ƙara daga bakin titi, wata motar gini ta ja waya, tiransifoma ta ƙone. Janareta kuwa ɗaya ne, man da ke ciki an ajiye wa tiyatar gobe.

Oga ya tsaya gaban akwatin yana taɓa shi yana jin yana hucewa. In faranti ya yi sanyi cuta ba za ta tofo a kan lokaci ba, gobe sai mu buɗe mu ga fayau. Na ce, "Oga, ba ka ce ɗumin jikin mutum take so ba? Ga jikin mutum." Ya ce hauka nake. Na ce to ya kawo wata dabarar. Ya naɗe bakin farantin da filasta zagaye uku, ya sa a leda biyu, ya sa a gwangwanin alawa mai faɗi, ya sake naɗewa. Na ɗaura shi a cikina da ɗankwali, na ja zani a kai. Ya ce kada in kife shi, kada in yi gudu, kada in bar kowa ya taɓa.

Da shi na ƙarasa wankin ranar, ina sunkuyawa da gwiwa kamar mai tsohon ciki. Da shi na hau bas zuwa Tungan Maje, hannuna biyu a kai, wata mata tana ta yi mini sannu tana tambayar wata nawa. Sallah ce ta ba ni aiki, don ba zan tsaya gaban Ubangiji da mugunyar wani a jikina ba. Sai in kwance, in sa shi cikin bargo kusa da tukunyar tuwo mai ɗumi, in yi sallah da gajerun surori, in mayar. Da shi na kwana a rigingine.

Da safe hanya ta cushe. Tirela ta faɗi da kabad-kabad na wata ma'aikata, takardu sun watsu a kwalta, mutane suna tsinta. Na sauka na taka sauran da ƙafa, ba gudu, tunda an hana ni. Na iso takwas ta wuce. Oga yana bakin ƙofa, ko gaisuwa ba mu yi ba. Ya yanke filasta ya ɗaga a taga.

Kore shar, ta tofo. Takardar hagu, mai ƙwaya zalla, fili ya zagaye ta fes, ya fi kwabo. Ta dama, mai farin, ɗan siririn zobe ne kamar bakin farce.

Mun tarar an riga an ɗora Ayuba a gadon turawa, an aske masa ƙwauri, an zana layi da alƙalami inda za a yanka. Likita ya karɓi farantin ya je taga. Ya daɗe. Ya tambayi wanne ne wanne, Oga ya faɗa masa. Ya tambaya ina aka sami wuta. Oga ya nuna cikina. Bai yi dariya ba. Ya je ya danna ƙafar, ya duba inda jan ya tsaya, ya ce yau zai shiga ya kankare ruɓaɓɓen nama kawai. Kwana biyar. In jan ya taɓa layin alƙalamin nan, ba wanda zai sake yi masa magana. Ƙwaya kuma a haɗiye ta gaban nas da ruwa zalla, ba fari, ba nono sai an jima sosai.

Abin da ya biyo baya ba ni na nema ba. Sistar ɗakin, shugabar nas-nas, ta jawo ƙwaryar Jummai tsakiyar ɗaki ta zazzage ta gaban maza talatin da masu jinyarsu: gari, daddawa, ɗan zanenta na canji, da kwalbar. Ta ɗaga ta sama tana cewa a ga wadda ta kusa yanke wa mijinta ƙafa. Jummai ta durƙusa tana tattara garin da hannu. Da ta zo wucewa ta gabana ta ce, "Kai ne, Mama." Na ce, "Ni ce." Da rana na sami Sista na ce mata in tana son ta yi bincike, ta leƙa ƙarƙashin sauran gadajen. Ta leƙa. Kwalabe da ƙulle-ƙulle da aka fitar sun cika bokiti biyu. Ba Jummai kaɗai ba ce, ita ce dai aka kunyata.

Kwana biyar ɗin nan kullum da safe sai na ƙirƙiri abin da zai kai ni ɗakin maza. Ba na gaishe da kowa, layin alƙalami nake dubawa. Rana ta farko jan yana nan inda yake. Ta biyu ma haka, har likita ya tsaya yana taɓa haɓa. Ta uku zazzaɓi ya sauka, Ayuba ya nemi tuwo. Ta huɗu audugar da aka cire ba kore a jikinta. Ta biyar likita ya sa nas ta goge layin.

Bai fita lafiya lau ba, kada ku ɗauka tatsuniya nake muku. Yatsu biyu sun tafi, bayan ƙafar ya lotsa. Allurar da aka ƙara masa kwanaki ta taɓa kunnensa na hagu, sai ka zagayo ta dama yake jin ka. Amma ƙafa tana jikinsa, kuma da ita ya taka ƙasa.

Jummai ba ta sake yi mini magana ba har sati biyar da suka yi. In na shigo ta ƙofar nan, ta fita ta waccan. Ranar da aka sallame su ina gaban baho, hannuna cikin kumfa, sai na ji mutum a bayana. Ita ce, ƙwarya a kafaɗa. Ashe ta roƙi Sista ta mayar mata da kwalbar. Ta zaro ta, da sauran farin kusan rabi, ta dangwarar a bakin bahon.

Ta ce, "Kai ka iya wanki. Wanke."

Ta juya. Ta taga na hango su sun nufi titi, Ayuba yana gaba yana ɗingishi, ya ƙi karɓar sandar da aka ba shi, ita tana biye tana yi masa faɗa ta kunnen da ba ya ji.

Na zubar da farin. Sai da na jiƙa kwalbar kwana biyu kafin ya saki gilas, na ɗauraye ta sau bakwai, na ɗaga a taga, ruwa ya sauka sumul. Ita ce wadda kuka tarar a kan tagar ɗakin wanki da dogon buroshi a ciki, wadda ɗayanku ya ce tsohuwar shara ce a jefar. Ku mayar da ita inda kuka same ta.